Laftof ɗin Malam Isiyaku a kan teburin mai gyara

Da safen nan labari ya iske ni. Malam Isiyaku na Safana ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kuma ba yau ya rasu ba. Tun makon jiya aka kai shi makwancinsa, ni ina nan Batsari ina shiga aji ina fita, ban sani ba. Saƙon da na tura mashi ina ƙorafin wayifai ɗina ya ƙi kamawa yana nan da tik ɗaya, alamar bai isa ba, na ɗauka matsalar netwok ɗin Safana ce da muka saba.

Yadda labarin ya zo mani shi ya hana ni sa komai a bakina har yanzu. Ba ɗan'uwansa ne ya kira ni ba. A kan teburin mai gyara na ji mutuwar aminina.

Nafi'u, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, shi ya bugo mani. Ya ce, "Malam Bello, don Allah in ka samu sarari ka leƙo shago. An kawo mani wata laftof mai irin abin nan naku, Linux. Na yi mata fomat na sa Windows, amma fiye da rabin had-disk ɗin ya ƙi buɗuwa. Zo ka duba mani, lalacewa ya yi ko in goge shi kawai?"

Na je ina raha a raina, ina cewa wane ne kuma ɗan'uwanmu a garin nan ban sani ba.

Tun daga bakin ƙofa na gane ta. Baƙa, an naɗe gindin murfin da salatif, ga tabon ƙuna a kusurwa inda maganin sauro ya taɓa cin ta. Ko cikin dubu aka ajiye ta zan zaro ta.

Na ce, "Nafi'u, wannan ai ta Malam Isiyaku ce. Mi ya kawo ta nan?"

Ya ce, "Au, ba ka ji ba? Ai mai ita ya rasu, zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ƙanensa Tasi'u ya kawo ta, ko caja bai haɗo da ita ba. Ya ce a wanke ta tas, yana da mai saye."

A wanke ta tas. Wallahi ban san sa'ad da na zauna a kan bencin ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Isiyaku malamin gona ne a ƙaramar hukumar Safana. Ba injiniya ba ne, bai taɓa kiran kansa gwani ba. Mutum ne mai tsohuwar laftof da haƙuri, shi ke nan.

A motar Katsina muka haɗu. Ina ta tsaki a kan tawa da ta koma kamar mai ciwon ƙafa, in ka danna abu sai ka sha shayi ka dawo bai buɗe ba. Ya leƙo ya ce, "Malam, lafiyarta lau. Kaya aka ɗora mata da suka fi ƙarfinta."

Bai yi mani wa'azin Linux ba. Tambayata ya yi: wane aiki kake yi da ita, nawa ne ƙarfinta, kana da data ko ko lallaɓawa kake irin tawa? Na ce takardun jarabawa nake bugawa, sai sakamakon ɗalibai, sai kallo jefi-jefi. Ya ce, "To Linux kala-kala ne, Mint zan sa maka. Ni Debian nake, don ba ta da rawar kai, amma kai sabon shiga ne."

A ranar kasuwa ta gaba ya hawo babur tun daga Safana da filash a aljihu. Ko ruwan mai bai bari na sa mashi ba.

Daga nan ciwon canje-canje ya kama ni. Yau Ubuntu, gobe Fedora, jibi in ga wani hoto mai kyau a intanet in ce shi nake so. Sai ya raɗa mani suna Sarkin Ƙaura. In na kira shi, kafin gaisuwa ma zai ce, "Ranka ya daɗe, yau wane gari aka sauka?"

Duk da tsokanar bai taɓa ƙin ɗaga wayata ba. Firinta ta ƙi magana da kwamfuta, shi. Sauti ya ɗauke, shi. Akwai ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar abdet, batirina kuma dama matacce ne, da aka dawo da wuta na kunna na ga baƙin allo da rubutu. Tambayoyin jarabawar ajina duka suna ciki. Yana gonar gwaji a lokacin, ina jin iska a wayar, ya tsaya yana karanto mani umarni harafi bayan harafi. "A'a Malam Bello, ƙaramin baƙi. Bar fili. Yauwa, danna." Har allon ya dawo.

Abu ɗaya ne bai yarda a yi wasa da shi ba. Duk kwamfutar da ya taɓa sai ya raba had-disk ɗinta gida biyu. Yanki ɗaya na Linux ɗin kansa, ɗaya na kayan mutum, hotuna da takardu da sauti. Na taɓa ce mashi wannan ai wahala ce, a bar shi dunƙule mana.

Ya ce, "A ƙauyenku kun taɓa gina rumbu a cikin ɗakin kwana? Nesa ake kai shi, don in gobara ta ci ɗaki a samu abin ci. Ka rushe ɗakin sau goma in kana so, Sarkin Ƙaura, amma kar ka taɓa mani rumbu."

Haɗuwarmu ta ƙarshe a nan kasuwar Batsari ce, bayan an kawar da gero. Muka sayi tsire muka zauna a inuwa, ya buɗe wannan laftof ɗin ya ce in zo in ga rumbunsa.

Hotunan ƙauyensu na bayan Karare, wanda yanzu ba kowa a cikinsa tun da rashin tsaro ya tashe su. Muryar mahaifinsa marigayi yana ba da labarin yadda kakanninsu suka sari wurin. Bidiyon ɗiyarsa Asma'u tana koyon tafiya. Da wasu sautuka da yake ɗauka haka kawai a tsakar gida, ya bar na'urar tana naɗa kowa na harkarsa.

Ya ce, "Maman Asma'u na da juna biyu. Ni ba ni da bene da zan bar masu. Amma dai za su ji muryar kakansu, su ga inda aka fito."

Na yi dariya na ce sai ka ce mai wasiyya. Ya miƙo mani tsinken ƙarshe ya ce in cinye, shi yajin ya yi mashi yawa.

To wannan ita ce kwamfutar da aka ce a wanke tas.

Na karɓi lambar Tasi'u wurin Nafi'u na kira shi. Na yi mashi gaisuwa yadda ta kamata, don mutuwa ta fi ƙarfin fushi. Sannan na ce, "Tasi'u, wa ya ba ka laftof ɗin nan?"

Ya ce, "Ai Malam ta lalace. Na kunna ta, wani baƙin allo ya fito da rubutu, ba Windows ba komai. Na ce wa matar Yaya ba abin da ke ciki, bairos ya cinye. Gara a gyara a saida kafin ta ƙarasa mutuwa."

Baƙin allon da yake faɗa, jerin zaɓi ne da ke fitowa in an kunna, ya ɗan tsaya ya wuce da kansa. Da ya yi haƙurin haɗiye yawu da ya ga hoton Asma'u ya cika allon.

Na ce, "An raba gado ne?"

Ya ce, "Haba Malam, tsohuwar kwamfuta ce fa."

Tir! Tir da wannan hali. Tabarmin zaman makoki ba a naɗe su ba, matar tana cikin takaba da ciki, kai har ka shiga ɗakin mamaci ka zaro kayan marayu ka nemo masu ciniki. Rashin sanin Linux ba laifi ba ne, ni ma da ban sani ba. Amma abin da ba ka sani ba ai tambaya ake yi. Ka kalli mace mai hawaye ka ce mata ba komai a ciki, alhali ba ka duba ba? Allah wadai.

Na kashe wayar don kar in faɗi abin da zan yi istigfari a kansa.

Na zaro filash ɗina, wanda shi Malam Isiyaku ne ya haɗa mani, mai tada kwamfuta da Linux ba tare da an girka komai ba. Na soka shi a laftof ɗin na kunna. Yankin Debian ya tafi, an share shi, ko alamarsa babu. Na danna ɗaya yankin, wanda Windows ya kasa karantawa.

Ya buɗe.

Hotuna. Muryar Baba. Asma'u. Tsakar gida. Duk ga su nan da sunayen da ya sa masu da Hausa, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Nafi'u ya dafe kai ya ce, "Wallahi Malam, da ban kira ka ba da yanzu na goge." Ban ga laifinsa ba, aikin da aka ba shi ya yi, kuma shi aƙalla ya tsaya ya tambaya. Na kwashe komai na zuba a tawa kwamfutar, na ce kar ya sake ya miƙa wa kowa wannan laftof sai manyan gidan sun zo da kansu.

A motar Safana na sanar a guruf ɗinmu na masu Linux, wanda marigayin ya fi kowa amsa tambayoyi a cikinsa. Mutum kaɗan suka ce Allah ya jiƙansa. Sai wani ya rubuto, "Wane distro yake amfani da shi?" wato wane irin Linux. Na ce Debian. Wani ya ce shi ya sa, tsofaffi ke amfani da ita, da Arch ya koya. Wani ya taso yana kare Fedora. Kafin mu kai rabin hanya an cika guruf da gardama har da hotunan dariya, a ƙarƙashin sanarwar mutuwar mutumin da ya gyara wa rabinsu firinta.

Na fita daga guruf ɗin. Kar wanda ya maida ni, don Allah. Kun ba ni ƙyama.

Na isa Safana bayan azahar. Na yi wa kawun su Malam Isiyaku gaisuwa a zaure, na faɗa mashi abin da ke tafe da ni. Dattijon bai ma san an fita da kwamfutar daga gidan ba. Ya miƙe ya ce mu shiga ciki.

Maman Asma'u tana bayan labule. Bayan ta'aziyya na ce, "Maman Asma'u, kayan Malam na cikin kwamfuta suna nan. Ba abin da ya ɓata."

Ta ce, "An ce mani bairos ya cinye."

Na ce, "Ba abin da ya cinye. Malam ya ajiye maku su a inda ba a iya taɓawa."

A hankali ta ce, "Akwai muryarsa?"

Na kunna tawa kwamfutar, na buɗe sautukan tsakar gida, na danna na farko da hannuna ya kai. Ƙarar turmi, kaji, rediyo can nesa. Sai ga shi, tar, kamar yana zaune a kan tabarmar tare da mu, yana tsaki a kan batiri. Sai ya ɗaga murya: "Asma'u! Zo ki kawo mani caja, ta kusa mutuwa."

Yarinyar tana gefen rijiya tana wasa da ƙasa, ko makaranta ba a sa ta ba tukuna. Ta ce, "Na'am Baba!" Ta ruga ɗaki da gudu.

Ta fito da cajar da Tasi'u ya manta, tana jan wayar a ƙasa. Ta tsaya a tsakiyar gida tana dube-dube. Ta kalle ni, ta kalli kawu, ta leƙa zaure.

Kawu ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Ni na miƙa hannu na karɓa na ce, "Yauwa Asma'u, an gode," don ban san mi kuma zan ce ba.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka yafe mashi kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Duk minti ɗaya da ya tsaya a rana yana karanto wa wani harafi a waya, ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka sauki iyalinsa lafiya, ka tsare marayunsa daga hannun da ke saurin kai kayansu kasuwa. Tasi'u kuma ka shirye shi, yau iyakar abin da bakina zai iya roƙa mashi ke nan.

Ku da kuka karanta har nan, ban nemi ku faɗa mani wane Linux ya fi ba. Ku ɗaga hannu ku yi wa Malam Isiyaku addu'a, ku sa da matarsa da abin da ke cikinta. Ku sa da Asma'u, da har na fito daga gidan tana bakin zaure tana jira ya zo ya karɓi cajarsa.