Ringin Da Ya Je Kalgo Cikin Leda

Haƙƙi biyu ne a wannan magana. Na farko yana wuyana: marigayi yayana ya bar mini amanar ɗansa Nasiru, ni ne kuma wakilin da zai karɓa masa aure a Diggi ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya. Na biyu yana wuyan Bala bakanike, wanda ya sauke injin babur ɗina ranar Laraba, ya ce ya sa sabon fistin da ringi, ya rantse ko Yawuri zan je ba sai na waiwayi baƙin mai ba. Na rubuta rantsuwar a littafina a gabansa.

Gwandu, shida saura kwata

Na tashi bayan sallar asuba, baƙin mai cike har bakin geji. Ban wuce gonakin bayan gari ba na ga salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi. Na buga wa Bala waya. Ya ce in kwantar da hankalina, sabon inji ne, gaisawa yake da hanya.

Mahaɗar Ambursa, bakwai da rabi

Gaisuwar ta cinye rabin man. Na sayi kwalba ɗaya na ɗura, na karya da kunu da ƙosai. Mai ƙosan ta roƙe ni in matsar da babur ɗin kafin in tayar, don kada kayanta su ɗauki wari. A shingen jami'an tsaro ba a ko nemi takarduna ba, alhali na jera su tsaf. Jami'in ya toshe hanci ya tambaye ni ko hukuma ce ta ba ni kwangilar feshin sauro.

Birnin Kebbi, tara da minti goma

A nan babur ya mutu. Na kwance fulogi, na same shi jage-jage da mai, na goge, na ɗura kwalba ta biyu. Na duba ƙarƙashin inji da bakin gaskit, babu ɗigo ko ɗaya. Man da bai zuba ƙasa ba kuwa ƙonewa yake yi a ciki. Na sake kiran Bala na gaya masa haka. Ya ce laifin man da nake saya ne, sannan ya ce laifin gudu ne, daga ƙarshe ya ce wataƙila an yi wa babur ɗin baki. Ni da ban taɓa wuce gudun mai keke da kirki ba.

Kalgo, goma da minti arba'in

Sau huɗu na tsaya goge fulogi. Ƙarshenta da turi na shiga Kalgo, babbar rigar ɗaurin aure a saɓe a kafaɗa, ta riga ta tashi daga fara. Wani dattijon bakanike, Malam Atiku, ya saurari injin na ɗan lokaci ya ce in na ƙara tafiya a kai zai buga. Na nemi mai kabu-kabu, amma duk sun tafi kai 'yan biki Diggi, bikin da ni ake jira.

Malam Atiku ya buɗe inji, ya zaro fistin, ya juya shi. Sai ya tambaya ko wanda ya yi gyaran ya ba ni tsofaffin kayan a leda, yadda aka saba don mai babur ya shaida an canja. Na ce tana ƙarƙashin kujera, ban ma kwance ta ba. Ya zazzage ta a ƙasa. Cikin tsohon fistin da baƙaƙen zobba sai ga sabon ringin mai, wato zoben da ke share mai daga bangon inji, kwance cikin takardarsa.

"Alhaji, gyara dai an yi maka," in ji shi. "Sai dai rabi na cikin inji, rabi kai ka ɗauko shi awa guzuri." Ya sa ringin a wurinsa, ya rufe inji, na kama hanya.

Diggi, ɗaya da kwata

Na isa ana kwashe tabarmi. An jira ni minti arba'in, sannan ƙanena Haliru ya karɓi auren. Tun farko ni ne na nemi a jinkirta bikin zuwa bayan girbi, don haka kafin in sauka magana ta zaga cewa da gangan na ƙi zuwa. Uban amarya ya ba ni hannu ba tare da ya dube ni ba. Na fara bayanin ringi, ya ce ba komai, kowa da uzurinsa. Nasiru ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya ce kawai shi ne, "Baffa, har aka shafa fatiha ina duban hanya."

Gwandu, biyar da rabi

Na dawo gida lafiya, ba hayaƙi, geji bai motsa ba. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga Malam Atiku. Na biya ta wurin Bala na nuna masa takardar ringin. Ya ce ai da ma ajiya ya ba ni, don gaba.

Saboda haka nake roƙon shugaban bakanikan garinmu, cikin girmamawa, da ya kira zama a binciki yadda aka rufe inji da ringinsa a waje. Ba na neman a biya ni komai. Buƙatata ɗaya ce: a umarci Bala ya bi ni Diggi, ya tsaya a zauren surukanmu, a gaban Nasiru, ya faɗa da bakinsa abin da ya hana ni zuwa. Ni zan goya shi, babur ɗin yanzu lafiyarsa ƙalau.