Kwamfutar Baba Gwatidzo

Shamiso Marufu ta tsufa a ƙarƙashin tebura. Ba ta kai arba'in ba, amma gwiwoyinta sun riga ta, don aikinta ke nan na mai gyaran kwamfuta a ofishin masu awon filaye a garin Mutare: rarrafe, bin wayoyi, da jin "ba ya yi" daga bakin mutanen da ba sa gaishe ta sai abu ya lalace. Baba Gwatidzo, tsohon mai zanen taswira, shi kaɗai yake ajiye mata shayi da rabin burodinsa.

Da ya rasu aka lulluɓe teburinsa da zane, tunda ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun zo sun raba, dangin kuwa suna ƙauye suna jiran girbi. Kwamfutarsa ta ci gaba da gurnani a ƙarƙashin zanen, a kunne yadda ya bar ta.

Sai foldar taswirori, wadda kowa ke buɗewa daga babbar kwamfutar ofis, ta soma ɓacewa. A duba netwok a ga sunan kowace kwamfuta, ban da babbar.

"Injiniya, yau ma foldar ta tafi ganin gida?" in ji Tawanda, mai awo.

"Ta bi ka mashaya," in ji Shamiso. "Je ka ɗauko ta."

Tun ranar farko Shamiso ta gano matsalar. Kwamfutocin ofis kan naɗa ɗaya a cikinsu ta riƙa faɗa wa saura wa ke nan, wa ba ya nan. Ta Baba, da yake yanzu ba a kashe ta, ita sarautar ta faɗa wa, ga tsufa ga mantuwa. Maganin bai wuce danna maɓalli ɗaya a kashe ta ba. Amma muddin tana kunne, sunansa yana nan a allon kowa, GWATIDZO, a tsakiyar na masu rai. Sai ta zaɓi wahala. Kullum tana bin tebur tebur tana rubuta adireshin babbar kwamfutar da hannu, gobe a sake. Ta gaji har ƙashi, ta kuma kasa dainawa.

Madam Chikomo, shugabar ofis, ta kira Shamiso ta rufe ƙofa.

"'Yata, kin san abin da ke faruwa, na kuma san kin sani. Ni ma sai na dubi sunan nan nake fara aiki. Amma jiya wani mai fili ya koma hannu rabbana, ba taswira. Ki yi da hannunki, ko in kira baƙo ya yi."

"To, Mama."

Da ta isa teburin Baba, ba ta ɗaga zanen ba. Ta durƙusa ta zura hannu ta ƙasa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri," ta danna maɓallin. Gurnanin ya tsaya.

Sunan bai tafi nan take ba. Kowa a ofis ya zuba wa allonsa ido, har Tawanda mai baki. Can foldar ta dawo, sunan ya fita. Ba wanda ya ce mata sannu da aiki, ita ma ba ta so a ce.