Repeshe a Kan Ƙanƙara

La Courneuve, Asabar

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito. Matata Hadiza ta rako ni har bakin matakala, ta ce, "Malam, ka taho mini da shi. In su ba su son shi, mu muna so."

Ɗanmu na fari take nufi, wanda ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa masa. Shekararsa goma sha bakwai, uku daga ciki a Lyon ya yi su wurin ƙanwata Rakiya, saboda hoke, wasan nan da ake buga ɗan faifai da sanda a kan ƙanƙara. Ranar Laraba ina sauke kwalayen takalma a sitonmu na Aubervilliers, sai ga saƙonsa da Faransanci: "Baba, an yi repeshe ɗina!"

Duk wanda ya yi lakkal, wato makarantar boko, a Nijar ya san kalmar nan. Repeshe shi ne wanda ya faɗi jarrabawa da ɗan kaɗan, malamai suka ji tausayi suka tsamo shi. Ni ma haka na samu bak, takardar gama sakandare, a Damagaram, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya rasu yana ce mini wanda aka tsamo daga ruwa ba ya cewa ya iya iyo. Na amsa wa yaron, "Ba komai, kowa yana tuntuɓe. Ina zuwa Asabar." Daga nan ya yi ɗif, ko wayar uwarsa bai ƙara ɗauka ba. Rakiya ta kira tana zancen wata takarda da sai na sa hannu kafin Litinin, na katse ta. Na riga na yanke: ɗana ba zai zauna inda ake riƙe shi don tausayi ba.

Gare de Lyon

Jirgin ƙasa na unguwa ya zo shida saura ashirin, na canza a Gare du Nord, shida da minti goma ina tasha. Kofi da ɗan burodi euro biyar, ban ji sun je ko'ina ba. Ƙarfe bakwai daidai babban jirgi ya tashi, kilomita ɗari huɗu da wani abu a cikin awa biyu. Mai duba tikiti ya tarar ina magana ni kaɗai.

"Yallaɓai, lafiya?"

Na ce lafiya lau. Jawabin lallashi nake bita, irin wanda ni ba a yi mini ba. Har gonakin alkama suka ƙare ban wuce jimla uku ba.

Lyon

Tara da minti huɗu muka shiga tashar Part-Dieu. Rakiya tana jira a 'yar motarta, da kayan aikin asibiti a jikinta. Gaisuwarta ba ta yi tsawo ba.

"Yaya, mi ka rubuta ma yaron nan? Kwana ukku ba shi cin abinci."

"Abin da uba ke rubutawa. Na san zahin abin, ni ma an yi mini."

Ta dube ni ta gefen ido. "An yi maka mi?" Na fara bayani, ta yi dariya har ta kusa wuce danja. "To, ni ban cewa komi. Kullum kai ka san komi. Tahi ka gani da idonka."

Ta ajiye ni a ƙofar filin ƙanƙara ƙarfe goma saura kwata, ta wuce aiki.

Filin ƙanƙara

A waje zafin Yuli, a ciki kamar an sa ni a firij, ga ni da 'yar shadda mara nauyi. Atisayen bazara ne, amma mutum kusan arba'in sun zo kallo. Na zauna bayan wani tsoho mai littafin rubutu da wata dattijuwa mai jan gyale. Musu suke yi, yaro bayan yaro. Mai lamba huɗu dogo ne amma ƙafarsa nauyi. Mai tsaron raga sai nan da shekara biyu. Sai tsohon ya nuna ɗana da biro.

"Ga mai lamba sha bakwai nan. Ƙarami ne, sai ya ƙara kilo biyar, in ba haka ba can za su manna shi da bango."

"Kai dai kullum kilo," in ji matar. "Dubi kansa. Kafin faifan ya iso shi ya riga ya san inda zai tura shi."

"Ya cika ba wasu. Ya kamata ya riƙa bugawa da kansa."

"Tun yana sha huɗu haka yake. Ranar da ya karya yatsa, kai ma kana nan, bai fita ba sai da aka tashi."

Ban san ya taɓa karya yatsa ba. Na zauna ina jin baƙi biyu suna karanta mini ɗana, kunya ta rufe ni. Na dube shi yana yawo a kan ƙanƙarar ba ko gargada, ya juya da baya, ya tsaya cak, farin garin ƙanƙara ya tashi.

Matar ta waiwayo, ta ga ina rawar sanyi, ta miƙo mini bargon cinyarta. "Ka san shi ne?"

"Ɗan unguwarmu ne," na ce, yadda aka koya mana kunyar ɗan fari. Sannan na tambayi abin da ke cina: in har ya iya haka, me ya sa aka yi masa repeshe?

Tsohon ya cire tabarau. Ya ce a Kanada haka suke kiran zaɓen 'yan wasa. Ƙungiyoyin matasa na can sukan zauna sau ɗaya a shekara, kowace ta ɗauki 'yan ƙalilan daga ƙasashen waje, bi da bi. Yara nawa ne suka kwana suna jira ba a kira su ba, shi an kira shi. "Saura uban ya sa hannu," ya ce. "An ce bai yi murna ba."

Na ji bakina ya ce, "Ɗana ne." Ban taɓa faɗa da ƙarfi haka ba. Matar ta kama hannuna da hannu biyu, tsohon ya rasa inda zai sa ido, ya ce maganar kilo biyar dai tana nan.

Sha ɗaya da rabi yaron ya fito da ƙatuwar jaka. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa.

"Baba, in ba ka so, ban tahiya."

Jimlolina uku ba su da sauran amfani. Na ce, "Nuna mini yatsan." Ya miƙo, ɗan ƙaramin na hagu, ya ɗan karkace. Na riƙe shi, na gaya masa abin da na fahimta da kalmarsa, da abin da ya faru da ni a Damagaram. Ya yi dariya, ni ma na yi, sai ga hawaye ba shiri.

A gidan Rakiya muka ci shinkafa da miyar gyaɗa, ya yi ƙari sau biyu. Bayan la'asar na karanta takardar layi-layi, na sa hannu. Na hana su kiran Hadiza, don wannan ba maganar waya ba ce.

Komawa, Lahadi

Jirgin ƙarfe huɗu na yamma na shiga, bakwai da kwata ina La Courneuve. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Rakiya da ta riƙe mana amana, da mutanen nan biyu da ko sunansu ban tambaya ba.

Hadiza ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayana.

"Ina shi?"

"Ba faɗuwa ya yi ba, Hadiza. Zaɓen shi aka yi, cikin yara masu yawa."

Fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi! To yaushe za shi zo?"

"Nan da sati biyu, ya yi mana sallama. Kanada za shi."

Ta dafa ƙofar da hannu.

"Malam, can ɗin jirgin ƙasa na zuwa?"

Na ce a'a.