Gado da Sarkin Hausawan Izmir

Yayana Gado bai taɓa mallakar gona ba, ko ta taki ɗaya. Abin da ya gada wurin mahaifinmu zaure ne a bayan kasuwar hatsi ta Gadarif a ƙasar Sudan, da tabarmi, da ɗabi'ar tarbar baƙo. Duk kaka, 'yan ƙodagon yankan riɗi suna saukowa daga mota da sunansa a baki. Ya ba su wurin kwana, ya haɗa su da mai gona a Gadambaliya, in an cuce su ya je ya tsaya musu. Ni Atine, ƙanwarsa, na tsufa ina tuƙa tuwon mutanen da ban san iyayensu ba, kuma ban fasa mita ba har yau.

Da waya ta zo, sana'ar ta ja baya, don kowa na samun mai gona daga aljihunsa. Gado dai bai naɗe tabarminsa ba. Yana nan kan bakansa cewa mutum ba ya shiga gari sai da sunan wani.

'Yarsa Manahil tana karatun noma a jami'a lokacin da aka zaɓe ta cikin ɗaliban da za su je Izmir, a ƙasar Turkiyya, koyon gwajin ingancin hatsi na 'yan watanni. Sharaɗin a fili yake: wanda ya samu kamfanin da zai riƙe shi ya ci gaba da koyon aiki, wanda bai samu ba ya dawo da takarda ya rataye a bango. Mun ga irin waɗannan takardun a gidaje da yawa, masu su na zaune ƙarƙashinsu. Ga yarinyar da kunya, ko gaisuwa sai ka kasa kunne.

Ranar tafiya, mun shafa mata lalle, na cusa mata gahawa da citta da jabana, tukunyar dafa gahawar, a akwati. Sai Gado ya kira ta gaban jama'a.

"Ya bitti, ɗiyata, in kin sauka kada ki tsaya ko'ina. Ki tambayi gidan Sarkin Hausawa, ki ce ke ɗiyar Gado ce ta Gadarif. Halas, shi zai haɗa ki da mutane."

Abokan karatunta da suka zo rakiya suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni kam ban danne ba.

"Yaya, wane Sarkin Hausawa a ƙasar Turkawa? Ka ɗauka Shuwak ce ta nan kusa da mu?"

"Atine, daga nan har Makka akwai garin da babu namu? Kakanmu da ƙafa ya zo, gida gida aka miƙo shi."

Manahil ta ce, "To, Yaba," ta shiga motar Bur Sudan.

Kuma ta tambaya, baiwar Allah! Ta tambaya a masallaci, ta tambaya a ofishin ɗalibai baƙi, aka yi ta kallonta. Babu sarki, babu zango. Ta kira ni tana kuka, ta ce sauran ɗalibai sun iya kutsawa cikin taro suna miƙa hannu da kati, ita kuwa an kai su baje kolin kamfanoni ta dawo ba ta yi magana da kowa ba. Lokaci na tafiya. Ta roƙe ni kada in gaya wa babanta. Na yi shiru da bakina, amma raina ya ɓaci da shi ƙwarai, don gani nake ya tura yarinya da guzurin iska.

Wata Juma'a kewar gida ta dame ta, ta shiga kicin ɗin masaukin ɗalibai ta soya gahawa. Ƙamshi ya bi bene. Wata 'yar Somaliya ta leƙo, sai wata 'yar Damagaram, sai Turkawa biyu. Manahil ba ta iya cusa kai ba, amma zuba wa baƙo ta iya shi tun tana rarrafe. Juma'a ta gaba suka dawo da wasu. Kafin a jima, in sabuwar ɗaliba za ta sauka a tasha, lambar Manahil ake ba ta. Ita ke tarbowa, ta nemo katifa, ta nuna inda ake sayen kati na mota, ta raka mara lafiya asibiti. Abin da na yi shekaru ina zagi a zauren ubanta, shi ta je ta shimfiɗa a ƙasar mutane.

Cikin masu shan gahawar akwai wata Baturkiya da kawunta ke da masana'antar halawar riɗi. Ta ji Manahil na bayanin farin riɗin Gadarif, yadda ake yanka shi a jingine dami kafin kwanso ya fashe, sai ta ja ta har gaban kawun. Ya gwada ta a ɗakin gwaji, ya ga hannunta, ya riƙe ta. Da ta kira gida da labarin, na yi guɗa har maƙwabta suka fito. Gado ya tambaye ta ko Sarkin Hausawa ne ya yi mata hanya. Ta ce, "Ban same shi ba, Yaba." Na ga abin ya taɓa shi, ya tashi ya shiga zaure.

Bana da kaka, ina tankaɗe a tsakar gida, sai ga mai rakasha, keke mai ƙafa uku, ya tsaya a ƙofa da wani farin mutum mai jaka, gumi sharkaf. Ma'aikacin masana'antar ne, an turo shi duba riɗi. Ya gaida Gado da Larabcinsa mai tsami, ya ce Manahil ta hana shi sauka otal.

"Ta ce in na iso kada in tsaya ko'ina. In tambayi gidan Sarkin Hausawa, in ce ni baƙon ɗiyarsa ne."

Gado ya dube shi, ya dube ni. Idonsa ya cika, nawa ma haka, kuma ban ji kunyar kowa ba. Ya karɓi jakar da hannunsa, ya kakkaɓe tabarmar da ta fi kyau.

"Atine," ya ce, "ɗora tukunya."

A karon farko a rayuwata na ɗora ba tare da na ce uffan ba.