Ƙuri'u Biyu na Kawu Bawa

Duk wanda ya zauna Ƙaura ya san Kawu Bawa tela, ƙanen mahaifiyata, mai shago bayan tashar jirgi. In aka miƙa masa takardar zaɓe, sai ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya nemo jam'iyyar da ko fosta ba ta da ita a garin, ya dangwala mata.

"Manyan nan biyu ɗinki guda na," in ji shi, "zare kawai anka sauya."

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, bayan an fara Shari'a, maƙwabcinsa Alhaji Garba mai albasa ya kasa haƙuri. Shi ne wakilin ɗaya daga manyan jam'iyyun biyu a rumfar zaɓenmu.

"Bawa, wanda kake ƙi shi kake taimako. Ƙuri'arka ɓacewa za ta yi."

"Mi za ya ɓatar da ita? Na san inda nake aje ta."

Alhaji ya kai ƙara wurin liman, wai a faɗa masa ko zubar da ƙuri'a almubazzaranci ne. Liman ya ce bai kai wannan babin ba tukuna.

Ranar kasuwar Shinkafi kuwa Kawu ya hau babur ya tafi kamfe shi kaɗai. Wani Bafulatani ya saurare shi tsaf, sannan ya tambayi sunan ɗan takarar. Kawu ya laluba aljihu, takardar da ya rubuta sunan tana shago.

"Mutumin kirki na dai," ya ce. "Shi ya sa ba ka san shi ba."

Aka yi zaɓe, aka ƙirga a gabanmu. Mutumin da Kawu ya fi ƙi, abokin hamayyar ɗan takarar Alhaji, ya ci rumfarmu da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Jam'iyyar Kawu ta sami biyu. Alhaji Garba ya naɗe tabarmarsa daga ƙofar shagon, har aka yi girbi bai dawo hira ba. Wannan ya ci Kawu ƙwarai. Na sha ganinsa ya tsayar da keken ɗinki yana duban inda tabarmar take, sai da ya ɗinka wa Alhaji riga ya kai masa da kansa suka shirya.

Amma mai ƙuri'a ta biyu ya hana shi sukuni. Ya tuhumi wanzami, ya tuhumi mai shayi, ya tuhume ni. Ashe matarsa ce, Inna Hajo, 'yar Zurmi da ba ta tsoma baki a siyasa. Sai ranar addu'ar ukunsa ta faɗa mana.

"Na ji tsoron a ƙirga a ce ɗaya, mutane su yi mashi dariya shi kaɗai."

Muka yi dariya har Alhaji Garba ya rufe fuska da rawani, ya daɗe bai buɗe ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya haskaka kabarinsa. Inna Hajo ma ta bi shi bara. Allah Ya haɗa su a Aljanna.