Rishon da Inna ta ƙi

Shekara arba'in Inna tana girki da itace a gidanmu na Badarawa, har ƙirjinta ya gaji. Tari ya kama ta, irin wanda sai ta dafa bango kafin ya sake ta. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce ko ta rabu da hayaƙi ko hayaƙi ya raba ta da numfashi. Tukunyar gas kuwa, tun da ta wata maƙwabciyarmu ta fashe Inna ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da ita ba. Kananzir kuma ya zama sai wane da wane.

Ana cikin haka aka kawo wani ɗan risho ma'aikatar da nake aiki, mai amfani da farin mai da ake tatsowa daga rogo. Ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Na kai mata ɗaya da jarkar mansa. Sati uku tana girki da shi, tarin ya lafa, har ta fara yi wa maƙwabta tallarsa kamar ita ta ƙera shi.

Ni na ɓata komai da bakina. Wata Asabar ƙanwar Baba ta zo, ta tambayi yadda rogo ke zama mai. Maimakon in ce ikon Allah ne in yi shiru, sai boko ya motsa. Na gyara zama na zayyana musu: a markaɗa, a jiƙa, a bar shi ya yi tsami har ya yi kumfa, sannan a dafa a tare tururin. Gwaggo ta bari sai da na dasa aya, ta ce ai haka ake dafa giya. Da ƙaramin kaina na ce e to, asalinsu ɗaya, amma wannan an zuba masa abu mai ɗaci don kada a sha. Ina waigawa na ga Inna tana kallon hannayenta.

A ranar ta wanke tukwanenta tas, ta wanke zanen da man ya taɓa ɗiga a kai, ta fara rama sallolin sati uku. Rishon kuwa ta sa aka fitar da shi zaure.

Na kai ƙara wurin Baba, wanda ya tsufa yana karantar da littattafai a zauren nan. Ya goyi bayana. Ya ce wa Inna sha aka haramta, ita kuwa ƙonawa take yi, kuma turaren da yake fesawa ranar Juma'a ma da irin wannan ruwan aka haɗa shi. Inna ta saurare shi kai a sunkuye.

"Malam, kai ka yi karatu, ka san amsar da za ka bayar a kabari," in ji ta. "Ni ba ni da komai sai sallata."

Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa. Har na ce mata wannan taurin kai ne ba tsoron Allah ba, maganar da har yau nake nadamarta. Haushi ya ishe ni, na Gwaggo, na Inna, amma wanda ya fi ci na shi ne nawa. Cikin 'yan kwanaki tarin ya dawo, ya fi na da.

Da na rasa dabara sai na ɗauke rishon zuwa gidana a Unguwar Sarki. Na yanke shawarar in riƙa dafa mata a can ina kaiwa kafin in wuce ofis, don kada ta ƙara kusantar murhu. Ranar farko na kai tuwon shinkafa da miyar taushe a kula. Ta buɗe, ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana juya ta a baki.

"'Yar nan, da wace wuta kika dafa?"

"Gawayi ne, Inna."

"Abincin gawayi ba ya ɓuya."

Ba ta yi mini faɗan ƙaryar ba. Ta rufe kular, ta sa mini albarka, ta ce in tafi kada in makara. Ina tsaye da jakata a kafaɗa ta jera itace uku a murhu, ta durƙusa, ta tara ɗan numfashin da ya rage mata ta fara hura wuta.