Zoben da Gwaggo ta daka a turmi

Shekara uku ina cika littafi ɗaya da tsuntsayen da ke ratsa Jidda. Ban damu da su hankaka da tantabara ba. Baƙi nake bi, waɗanda ke sauka idan zafi ya fara sassautawa, su yi kwana biyu suna kiwo a bakin ruwa, su wuce Afirka. Ranar da na ga kowanne, da wurin, da ƙarfe nawa, duk ina rubutawa. Abin da ban gani da idona ba, ba ya shiga littafin.

A karance-karancena na san akwai wasu tsibirai can ƙuryar arewacin duniya, inda babu ko bishiya, sai duwatsu da tumaki da iska. Mutanen can sukan kama tsuntsu su sa masa ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, mai lamba da sunan gari, su sake shi. Duk wanda ya tsince shi a wata ƙasa ya aika musu lambar, za su faɗa masa tsibirin da ranar da aka sa zoben. In babu cikakkiyar lamba, hira kawai kake yi musu.

A unguwar Ruwais nake zaune wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Kawu kuwa, ƙanen mahaifiyata, gadin wani sito yake yi a unguwar Khumra, kusa da wani ruwa da ke kwanciya bayan katanga. Wata Asabar da hantsi ya shigo da kwalin dabino da ya huhhuda.

"Ina likitan tsuntsaye? Fito ga marar lafiya!" in ji shi. "A ragar rumfarmu ya maƙale. Ba iƙamar zama a ƙasa, ba kafilin da ya tsaya masa, amma yana da zobe kamar amarya."

Na buɗe kwalin a hankali. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne, bai cika tafin hannu ba, mai ruwan ƙasa, da fari fat a gindin wutsiya. Irinsa na sha gani. Amma a ƙafarsa ta dama ga zoben. Na juya shi da farce, na karanta haruffa huɗu da lambobi uku. Haruffan farkon sunan wani gari ne da na sani a littattafai, garin da ake raba zobban tsibiran nan. Tsuntsayen can ta yammacin Afirka suke sauka, babu abin da ke kawo su bakin Bahar Maliya. In dai abin da na karanta gaskiya ne, wannan ya ɓata hanya ɓata mai nisa, kuma ni ne zan fara shaida hakan.

Sauran lambobin sun yi ƙanana, datti ya cike su. Wayata tana aljihu, da na ɗauki hoto da an wuce wurin. Sai na ce a'a, a yi abu yadda ya kamata: a ɗauko gilashin ƙara girma da ma'auni da littafi. Na miƙa wa Kawu kwalin na hau sama. Gilashin ba ya inda na ajiye shi. Ina cikin birkita takardu na ji ƙarar daka daga ƙasa, ƙarar ƙaramin turmin tagullar da Gwaggo ke daka citta da kanumfari.

Na sauko a guje. Kawu na riƙe da tsuntsun, ƙafarsa ba komai. Filayar da Kawu ya cire zoben da ita na ƙasa. Gwaggo na zaune kan tabarma tana karanta Falaƙi da Nasi, tana sauke taɓarya a kan zoben.

"Gwaggo! Me kike yi?"

Sai da ta kai ƙarshen surar ta ɗago. "Karya shi nake, ɗan nan. Kai da karatunka ba ka ga rubutu a jiki ba?"

"Lamba ce, Gwaggo. Turawa ne suke sawa don su san inda yake zuwa."

"To su Turawan ba su da maƙiya? Ɗan wata mata aka ɗaure a ƙafar nan. Muddin yana tashi, yaron mutane ba zai zauna gida ba."

Na san abin da take nufi. Ɗanta guda ɗaya tilo ya bar gida shekara tara da suka wuce, wai zai je aikin direba a Yanbu. Tun daga nan sai dai waya jefi-jefi, yau daga wannan gari, gobe daga wancan. Gwaggo ta daɗe da yanke cewa kurciya aka yi masa, asirin nan da ake ɗaura laya a ƙafar tsuntsu a sake shi, mutum ya yi ta yawo ba ya samun natsuwa.

"Ban san uwar wannan ba," ta ce, "amma na kwance mata. Wataƙila wata ta kwance mini nawa."

Kawu ya yi dariya. "Halas, an gama, likita, an sallami marar lafiyarka. Yalla, mu hau soro mu sake shi."

Na zazzage turmin a tafina. Zoben ya zama ɗan faifan ƙarfe, ya baje, yana warin kanumfari. Na kai shi taga, na sa gilashin da a ƙarshe na tsinta a aljihun rigata. Babu harafi ko ɗaya da ya tsira.

Abin da na so in faɗa yana da yawa. Na so in ce wani mutum ya tsaya cikin sanyi a tsibirin da ko sunansa ba ta taɓa ji ba, ya sa zoben nan, yana fatan wata rana wani zai karanta. Tsuntsun ya ɗauko shi ya ƙetare tekuna da hamada, ya kawo shi har tsakar gidanmu, hannun mutumin da ya san amfaninsa. Minti biyar kawai nake nema. Da ta bari na kwafe lambar, ta daka shi har ya zama gari, ban damu ba. Ba ta tambaye ni ba. A gidan nan ba a taɓa ɗaukar littafina a bakin komai ba, wasan wanda ba shi da abokai ne.

Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce, "To, Gwaggo."

Na aika wa masu zobban haruffa huɗu da lambobi uku. Suka amsa cikin ladabi cewa zobba masu yawa sun fara da haka, ba za su iya cewa komai ba. A littafina na rubuta ranar da wurin da kamannin tsuntsun. Gurbin inda ya fito na bar shi fili, domin ban gani da idona ba. Faifan ƙarfen na manna shi a gefen shafin.

Ɗan Gwaggo bai dawo ba. A bana, da zafi ya fara sassautawa, na ji tana ce wa Kawu in ya sake samun mai zobe ya kawo mata. Na bi shi har bakin mota na riƙe ƙofar.

"Kawu, in ka samu, ni za ka kira. Kada ka motsa daga Khumra sai na zo."

Ya dube ni. "Yau kuma likita magana yake yi?"

"Ni za ka kira," na ce. Ban saki ƙofar ba sai da ya ce wallahi.